Shirin Tafiya Karatu Ƙasar Waje: Misalin Ɗalibin Harshe Mai Niyyar Zuwa Jamus

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma kuma su ne suka ce shirin zaune ya fi na tsaye. Kowace shekara akan sami ɗalibai a wannan sashe namu waɗanda suka kammala digiri na farko, wato lisans, ko na biyu, suka fara tunanin ƙaro ilimi a ƙasar waje. Yawancinsu sukan ɗauka cewa babban aikin shi ne samun gurbi ko tallafin karatu, sauran kuwa sai an isa can. Wannan takarda za ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Mafi yawan abin da zai gyara karatun ko ya ɓata shi a gida ake yin sa, cikin shekara guda da rabi kafin ranar tashi.

An ɗauki Jamus a matsayin misali saboda dalilai uku. Na farko, ta daɗe da alaƙa da nazarin Hausa. Na biyu, yawancin jami'o'inta na gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. Na uku, hanyar Faransa da ɗaliban Nijar suka fi sabawa da ita ta ƙuntata tun 2023, har Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024, saboda haka ya kamata ɗalibi ya san wasu ƙofofin. Adadin kuɗi da ranakun da za a ambata na Jamus ne, amma tsarin shirin zai amfani duk mai niyyar zuwa wata ƙasa.

2.0 Tsohuwar hanya ce

A 1855, lokacin da ɗan yawon bincike Bajamushe Heinrich Barth ya koma Turai, ya tafi da wasu samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. A Ingila ya zauna da J. F. Schön, wani malamin mishan Bajamushe, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Wannan aiki ya taimaka wa Schön wajen nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafinsa Magana Hausa na 1885. Haka kuma ƙamusun Adam Mischlich na 1906 ya amfana da ilimin Imam Umaru na Kete-Krachi, a ƙasar Gana ta yau. A 1909 aka naɗa Carl Meinhof farfesan harsunan Afirka a Hamburg, daga baya kuma jami'o'in Kolon da Frankfurt da Leipzig da Bayreuth suka yi suna a wannan fanni.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Masu harshen su ne suka ba da bayanai, amma sunayen wasu ne a bangon littattafan. Ɗalibin yau yana da damar da Dorugu bai samu ba, wato ya je a matsayin mai bincike da zai sa hannu a kan aikinsa. Sai dai wannan matsayi ba ya samuwa don kawai mutum ya sha Hausa a nono. Sai ya shirya abubuwa huɗu tun daga gida: harshen ƙasar da za shi, takardunsa, kuɗinsa, da guzurin bincikensa.

3.0 Harshe

3.1 Matakin da ake buƙata

A Turai ana auna ƙwarewa a harshe da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Wanda zai yi karatu da Jamusanci ana son ya kai wajen C1, kuma ya tabbatar da haka da jarrabawa. Fitattun jarrabawowin biyu ne. Akwai TestDaF, wadda ake iya zamanta a wajen Jamus, mai sassa huɗu: karatu, saurare, rubutu da magana, wanda ya sami mataki na 4 a kowane sashe ya cika sharaɗin harshe a galibin fannoni. Akwai kuma DSH, wadda jami'o'in Jamus suke shiryawa da kansu, inda aka fi neman mataki na 2.

Masu shirya TestDaF sun kimanta cewa mutum na buƙatar darasi 700 zuwa 1,000 kafin ya zauna mata. Mu yi lissafi. Idan ɗalibi yana ɗaukar darasi 10 a mako ba fashi, darasi 800 zai ci masa mako 80, wato fiye da shekara guda da rabi. Ke nan wanda ya fara koyon harshe bayan ya sami gurbi ya makara. Cibiyar Goethe, wadda ke koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, tana da rassa a Legas da Akara da Lome da Abijan da Dakar da Wagadugu da Yawunde. Wanda garinsu ke nesa da waɗannan birane sai ya sa kuɗin mota da masauki cikin kuɗin jarrabawa.

Akwai kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa da ake koyarwa da Ingilishi, waɗanda ke neman sakamakon IELTS ko TOEFL. Ko da irin wannan ɗalibi zai yi, kada ya tafi babu Jamusanci ko kaɗan. Mai gidan haya da ma'aikacin ofishin baƙi da wasiƙun hukuma duk da Jamusanci za su zo masa. Bugu da ƙari, wani ɓangare na abin da aka rubuta a kan Hausa da Jamusanci yake, alal misali nahawun Ekkehard Wolff na 1993.

3.2 Inda Bahaushe ke da sauƙi da inda yake shan wuya

Ɗalibin harshe ya fi sauran ɗalibai sa'a, don yana iya kwatanta harsunan biyu ya san inda zai fi sa ƙarfi. A wurin tsayin wasali yana da sauƙi. Yadda Hausa ke bambanta gari na zama da gari na tuwo ta tsayin wasalin farko, haka Jamusanci ke bambanta Stadt, wato birni, da Staat, wato ƙasa mai gwamnati. Haka kuma wanda ya saba da jam'i iri-iri kamar gidaje da tuddai da hanyoyi ba zai razana da jam'in Jamusanci ba, wanda shi ma sai an haddace shi tare da tilonsa. Wanda ya yi Faransanci kuwa ya riga ya san wasulan da ake rubutawa ü da ö.

Wuyar tana wurare huɗu. Na farko, gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muke cusa wasali a kalmomin aro kamar burodi da bulo. Jamusanci kuwa yana jera baƙi huɗu a ƙarshen kalma, kamar a Herbst, wato kaka. Na biyu, Hausa ba ta bambanta p da f, alhali Pass fasfo ne, Fass kuwa duro ne. Na uku, jinsi biyu muke da shi, kuma galibi ƙarshen suna yakan nuna mana tamace. Jamusanci yana da uku, har kalmar yarinya, das Mädchen, ba ta cikin jinsin mace. Na huɗu, mafayyaci yana sauya siffa gwargwadon aikin suna a jimla, ko aikau ne ko karɓau, kuma a ganga dogarau aikatau yakan koma can ƙarshe. Wannan na ƙarshe shi ya fi wahalar da mai sauraren lacca, don sai ya riƙe doguwar jimla a ka kafin ya ji aikataunta.

4.0 Takardu

4.1 Sunanka ɗaya ne ko uku?

Kafin komai, ɗalibi ya shimfiɗa takardar haihuwarsa da ta bakaloriya da ta lisans da fasfonsa a kan tebur ɗaya, ya duba su harafi bayan harafi. A ƙasashenmu suna ɗaya yakan fito da rubutu daban-daban: Mahamadou a wannan, Mahaman a waccan, Mohamed a ta uku. Wani kuma an rubuta sunansa kafin na mahaifinsa a wata takarda, an juya a wata. Akwai waɗanda ba a san ranar haihuwarsu ba, aka rubuta shekara kawai, daga baya aka sa musu 1 ga Janairu. Mu a gida mun san duk mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke tantance takardu a Turai bai sani ba, kuma dokar aikinsa ba ta ba shi damar yin zato. Gyaran irin wannan saɓani yakan bi ta kotu ko ofishin rajista, yakan ɗauki watanni, kuma ba a iya yin sa daga nesa.

4.2 Tantancewa da neman gurbi

Hukumomin ilimi na Jamus suna da rumbun bayanai a intanet mai suna anabin, inda ake duba matsayin jami'o'i da takardun shaida na ƙasashen waje. Wanda takardarsa ta sakandare ba ta isa ta shigar da shi jami'a kai tsaye ba, akan tura shi makarantar share fage ta shekara guda, ya yi jarrabawa a ƙarshenta. Jami'o'i da yawa kuma ba sa karɓar takardun baƙi da kansu, sai ta hannun wata cibiya mai suna uni-assist, wadda a 2025 take cajin yuro 75 kan neman farko, da yuro 30 kan kowane ƙari. A wasu wurare kwafin takardu sai wanda hukuma ta buga wa hatimi, fassara kuwa sai ta tafintan da ya yi rantsuwa a gaban kotu.

Shekarar karatu zango biyu ce. Zangon hunturu yana farawa a Oktoba, kuma ranar rufe karɓar takardu da aka fi sani ita ce 15 ga Yuli. Zangon bazara yana farawa a Afrilu, ana rufewa 15 ga Janairu. Amma kwasa-kwasan digiri na biyu da dama suna rufewa tun kafin nan, musamman ga masu buƙatar biza. Kowane kwas a duba ranarsa, a kuma tabbatar cewa har yanzu ana koyar da fannin da ake so, don sassan jami'a suna sauyawa idan malami ya yi ritaya.

4.3 Mai duba aiki

Mai neman digiri na uku ba fom yake fara cikewa ba, malami yake fara nema. Jamusawa suna kiran mai duba aikin digiri na uku da sunan da ke nufin uba ko uwar digirin, abin da ke nuna nauyin wannan dangantaka. Wasiƙar farko ta kasance gajera: wane ne kai, wace tambaya kake son amsawa, waɗanne bayanai ke hannunka, me ka karanta cikin ayyukan malamin da ya sa ka zaɓe shi. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa malamai ashirin ana gane ta tun daga layin farko.

4.4 Biza

Bizar karatu daban take da ta ziyara. Wanda ya shiga da bizar ziyara ta kwana 90 ba za a mayar masa da ita ta karatu a can ba, sai ya dawo gida ya sake nema. Ana neman bizar da takardar gurbi da shaidar kuɗi da shaidar inshorar lafiya, kuma jiran ranar ganawa kaɗai yana iya cin makonni masu yawa.

5.0 Kuɗi

Rashin kuɗin makaranta ba ya nufin karatu kyauta ne. Da farko ma akwai togaciya: tun 2017 jihar Baden-Württemberg take karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba. A ko'ina kuma ana biyan kuɗin hidimar ɗalibai na ƴan ɗaruruwan yuro a kowane zango.

Babban nauyin shi ne shaidar abin zaman gari. Daga Satumban 2024 an ɗaga adadin zuwa yuro 11,904 na shekara guda. Akan zuba shi a wani kullallen asusu, wanda ba ya sakin fiye da yuro 992 a wata. Tun da yuro guda sefa 655.957 ne, wannan ya kai sefa miliyan 7 da dubu 800 da ɗoriya. Wanda ya sami cikakken tallafin karatu, takardar tallafin tana tsaya masa a madadin asusun. Hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, wadda aka kafa a 1925, ita ce babbar mai ba da irin wannan tallafi, kuma galibi tana rufe karɓar takardu kusan shekara guda kafin a fara karatu. Tana kuma da shirin da ke tallafa wa ɗaliban Afirka su yi digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Afirka, wanda ya kamata a duba shi kafin a yanke cewa sai Turai.

Yuro 992 da yawa ne idan an mayar da shi sefa, amma a can ba ya nisa. Haya ce ke cin kaso mafi girma, kuma mai gida yana da ikon karɓar kuɗin ajiya har na haya wata uku. Inshorar lafiya dole ce, tana cin sama da yuro 100 a wata, kuma rangwamen ɗalibai yana ƙarewa idan mutum ya cika shekara 30. Har kuɗin rediyo da talabijin akwai, yuro 18.36 a wata kan kowane gida a 2025, ko mutum ya kunna ko bai kunna ba. Tun Maris 2024 doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki na cikakkun kwanaki 140 ko rabin wuni 280 a shekara. Wannan ƙari ne kawai. Wanda ya dogara da shi don ci da haya, karatunsa ne zai biya bashin.

A nan akwai maganar da ya kamata a yi da iyali kafin tafiya. Idan dangi suka ji an ce ɗansu na samun sama da jika 600 a wata, dole su sa rai. Gara a zauna da su a gida, a nuna musu lissafin haya da inshora da abinci, a faɗi abin da za a iya aikowa da abin da ba za a iya ba. Maganar da aka yi ido da ido ta fi wadda za a yi ta waya bayan rai ya ɓaci.

6.0 Guzurin bincike

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗakunan karatu na Jamus suna da ƙamusun Bargery na 1934 da nahawun Newman na 2000 da na Jaggar na 2001. Abin da ba su da shi shi ne muryar tsohuwa a ƙauyen Adar ko Arewa ko Kurfai tana ba da labari da karin harshenta. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci, ta sha nazari. Karorin yamma da na arewa kuwa, in ban da ayyuka irin na Bernard Caron a kan Adaranci na 1991, har yanzu akwai sauran aiki mai yawa a kansu. Wannan shi ne jarin ɗalibinmu, kuma ba a sayen sa a can.

Saboda haka, kafin tafiya, ɗalibi ya naɗi magana iri-iri: hira, tatsuniya, ciniki a kasuwa, bayanin sana'a. Kowane naɗi a rubuta masa rana da wuri da shekarun mai magana da jinsinsa da sauran harsunan da yake ji. A nemi izininsa, a naɗi izinin, a gaya masa inda muryarsa za ta je. Jami'o'in Turai suna tsananta wannan sharaɗi, kuma naɗin da babu izini yana iya zama aikin banza. A ajiye kwafi a wurare biyu ko uku.

Haka nan ya koyi rubuta abin da ya naɗa tare da nuna tsayin wasali da karin sauti. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, kuma masu harshe da yawa suna furta su daidai amma ba sa iya sa musu alama. Ya saba da Praat don nazarin sauti da ELAN don daidaita rubutu da murya. Duka biyun kyauta ne. Ya kuma saita kwamfutarsa ta riƙa buga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wanda ya isa da bayanai tsararru da tambaya a kansu, abokin bincike za a ɗauke shi. Wanda ya isa da harshe a baki kawai, shi za a riƙa tambaya "yaya ake faɗin kaza?" don aikin wasu.

Guzurin ciki kuwa a yi hattara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, saboda haka kilishi da cuku a filin jirgi za su tsaya.

7.0 Makonnin farko

Baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma akwai abubuwan da zai iya sani tun kafin ya sauka. Cikin kwana 14 da shiga gida sai ya yi rajistar mazauni a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gidan. Bayan haka ne sauran abubuwa ke biyo baya, har da izinin zama da zai maye gurbin biza kafin ta ƙare. Tun da komai ya rataya ga adireshi, a nemi ɗaki a gidajen ɗalibai da zarar gurbi ya fito, don layin jira yana da tsawo.

A aji, malami ba ya yin shifta. Ɗalibi ne zai karanta, ya gabatar da jawabi, ya yi muhawara, ya rubuta takarda. Musanta ra'ayin farfesa da hujja ba rashin kunya ba ne, amma kiran sa da wakilin suna du maimakon Sie kafin ya ba da izini kuskure ne, kamar dai a ce wa dattijo kai a wurin da ake cewa ku. Kwafar aikin wani ba tare da ambaton sa ba kuwa laifi ne mai girma: a 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda haka, ya kuma sauka daga muƙaminsa.

Sai yanayi. A Hamburg, a ƙarshen Disamba, rana na fitowa wajen ƙarfe 8:30, ta faɗi wajen ƙarfe 4, a Yuni kuwa wuni yakan kai awa 17. Lokutan salla da tsawon azumi suna bin wannan sauyi. Duhu da kaɗaici sukan fi sanyi nauyi ga sabon zuwa, kuma maganinsu shiga mutane: ƙungiyar ɗalibai, wasan motsa jiki, ko musayar harshe da mai koyon Hausa.

8.0 Kammalawa

Idan aka jera abin da ya gabata ga mai son fara karatu a Oktoba, zai kasance kamar haka. Wata 18 ko fiye kafin lokacin, a fara koyon harshe da naɗar bayanai. Wata 15, a gyara takardu, a zaɓi jami'a, a rubuta wa malami. Wata 12, a nemi tallafi. Wata 8 zuwa 6, a zauna jarrabawar harshe, don in ba a ci ba a sami damar sakewa. Daga nan sai neman gurbi, sai biza da masauki.

A ƙarshe, ɗalibi ya tambayi kansa abin da zai dawo da shi. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma irin wannan mataki yana buƙatar masu tsara ƙamus da littattafan makaranta da kalmomin fannoni, da masu horar da malamai. Wanda ya san wannan tun kafin ya tashi zai san kwas ɗin da zai zaɓa da wanda zai bari, zai kuma ajiye kwafin bayanansa a sashensa na gida don na baya su ɗora a kai.